Warin Silifa a Ƙarƙashin Murhu

Rubuta, Jamilatu. Yadda maganar ta fito daga bakina haka za ki sa ta, kada ki gyara.

Gamaliel ne ya fara gaya wa Malam Sanda zancen finafinan Faransa. Shi Gamaliel wani dogon mutum ne ɗan Kafanchan, mai aiki a laburaren unguwar Moss Side, nan Manchester. A shekarun nan ne gwamnati ta shiga yanke-yanke, yau a rufe nan, gobe a sallami wancan. Malam Sanda yana wankin zannuwan gado a wani asibiti, sai aka mayar da shi kwana uku a mako. Sauran ranakun ba shi da wurin zuwa, ɗakinsa kuma sanyi kamar cikin randa, don haka ya riƙa zuwa laburare ya zauna gindin hita. Ba karatu ke kai shi ba, boko dai ko sunansa da ƙyar yake zanawa. Ɗumi yake bi.

Shi Sanda mutumin Malumfashi ne. Ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa, yana yi wa wani likita girki. Likita ya gama karatu ya koma gida, shi ya tsaya. Matarsa Raki ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi: shi ke mana wankan gawa. Shekara ashirin da wani abu, duk namijin da ya rasu a cikinmu a Manchester, ɗalibi ne ko magidanci, hannun Sanda ne na ƙarshe a jikinsa. Ƙungiyarmu ta 'yan gida ta ba shi wata baƙar jaka, ciki da garin magarya da ake aiko masa daga gida, da kafur, da auduga, da almakashi. Kuma abin da ya sa aka yarda da shi ba iya wankan ba ne kawai, bakinsa ne. Abin da ya gani a jikin mamaci, tare da mamacin ake binne shi. Ko ɗan'uwa ne ya tambaye shi, sai ya ce, "Lafiya ya tafi," ya ja bakinsa.

To wata rana Gamaliel ya zo wucewa da kwalin faya-fayan fim, ya gan shi gindin hita.

"Malam, kullum kana gadin hitar nan. Council ce ta ɗauke ka aiki ba mu sani ba?"

"Fasto, ai gara ni ina gadin abu mai amfani. Kai me kake gadi? Ƙarairayi a kwali."

Gamaliel ba fasto ba ne, Sanda ne ya laƙaba masa. Ya ajiye kwalin ya ce wace ƙarya ce a ciki.

Sanda ya ce, "Na gani a talabijin. A harbi mutum, ya kwanta kamar an shimfiɗa masa katifa, gashi a taje, baki a rufe. Wane mamaci ka taɓa gani ya rufe bakinsa da kansa?"

"Na Amurka ka gani, masu kuɗi. Zo ka ga na Faransawa."

Ya ja shi wani ɗan ɗaki a baya inda talabijin take, ya sa masa ɗaya. Sanda ba ya jin Faransanci, rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa kuma bai ma kalle shi ba. Can sai ga wani mutum yana hawa matakalar bene da ledar cefane. Wani ya sauko, suka gifta, ba kiɗa, ba ihu. Mai cefanen ya ƙara taku biyu, ya tsaya kamar ya manta wani abu, sai ya zube. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, baki ya saki, lemu ya riƙa gangarowa yana buga matakala ɗaya-ɗaya. Wata tsohuwa ta leƙo, ta mayar da ƙofarta ta sa sakata.

Sanda ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"Innalillahi! Fasto, kashe shi suka yi?"

"Wasa ne, Malam, zauna."

"Wane irin wasa! Dubi wuyansa. Mai rai ba ya iya sakin wuya haka."

Sai da Gamaliel ya tono wani faifan, ya nuna masa hoton mutumin a jikin kwalinsa, yana da rai har da sigari a baki, ya ce wannan bayan wancan da shekara biyar aka yi shi. Sanda ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ɗaga kujerar ya zauna ya ce a mayar masa daga farko.

Daga ranar ya kamu. Duk ranar da ba aiki, bayan azahar yana ɗakin nan. Idan muka haɗu a masallaci ya dinga ba mu labari ke nan, mu kuwa baki buɗe. Ya ce Faransawan nan sun san shiru. Ba sa kaɗa maka ganga don ka ji tsoro, sai su bar ka da mutum yana jira a mota, ruwan sama na dukan gilashi, har tsoron ya zo maka da kansa. Ɗan sandansu gajiyayye ne, mura na damunsa, matarsa ta yi yaji. Ɓarawonsu yana cin burodi a tsaye, kuma sai ka ji kana tausayinsa, abin ya ba ka haushi. Tun da ba ya jin yaren, hannaye yake kallo, sai ya riga Gamaliel gane mai kisan. "Wancan ne, dubi yadda yake goge tafinsa a wando." Sau da yawa kuwa shi ne.

Daga nan Gamaliel ya ƙara masa da irin na nan ƙasar, waɗanda talakawan masu fim ke haɗawa da kyamarar aro. Waɗannan ma sun fi kama shi. Ya ce ba su da halin gina gidan ƙarya, dole su shiga gidan gaske, bango da danshi, labule ya ƙoƙe, kwanuka a jibge, kamar ɗakinsa. 'Yan wasan kuma irin fuskokin da kake gani a bas ne. "Talauci ne ya hana su ƙarya," in ji shi.

Alhaji Habu, shugaban ƙungiyarmu, bai ji daɗin abin ba. Ya ce, "Malam, da girmanka, da aikin da ke hannunka, ka zauna kallon kashe-kashe? Mutuwar da kake gani ba ta ishe ka ba?"

Sanda ya ce, "Alhaji, ni kaɗai nake ganinta, ba ni da wanda zan gaya wa. Waɗannan na ga alamar sun san abin da na sani."

Ba a daɗe ba council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburaren. Ranar ƙarshe Gamaliel ya cika masa kwali da faya-fayan da za a zubar, ya haɗa masa da tsohuwar na'urar kallo, suka ɗauka tare har ɗakinsa.

Gamaliel yana da 'ya, Rebecca, haihuwar nan, ta karanta harkar fim a jami'a a Birmingham. Ita ma ta tashi haɗa irin nasu na talakawa, labarin wani mutum da aka kashe a gidansa. A flat na council da take zaune ciki take ɗauka, a unguwar Ladywood can Birmingham, hawa na goma sha huɗu, lif ya lalace tun bara ba a gyara ba. Uban ya ce wa Sanda ya zo su je ya ga yadda ake yi. Suka hau mota da safe, suka hau bene da ƙafa suna hutawa kamar tsofaffin jakuna.

Suka tarar ana ɗaukar wurin da ake samun gawar a kicin. Mai wasan wani Bature ne mai tumbi, direban tasi ne a zahiri. Ya kwanta rigingine, ya baje hannuwa, ya rufe ido da baki. Sanda ya leƙa daga bakin ƙofa, tsaki ya suɓuce masa.

Rebecca ta juyo. Hausarta a karye take amma tana yi. "Baba Sanda, me ya faru? Bai yi ba?"

"'Yata, wannan ai barci yake. Saura minshari."

Aka yi dariya. Ta ce, "To please, nuna mana."

Ya cire kwat ɗinsa ya durƙusa. Ya juyar da Baturen kan gefensa, ya danna kuncinsa jikin ƙafar kabad. Ya cusa hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. Ya sa masa cokalin shayi a tsakanin yatsun ɗaya hannun, a sake, ba a damƙe ba. Ya ce ya saki haɓa, ya bar ido rabi a buɗe. Sannan ya zare masa silifar hagu, ya tura ta can ƙarƙashin murhun gas. Ya ɗora butar shayi a kan wuta, ya ce a bar ta har ruwan ya ƙone, gindinta ya yi baƙi, don mutum ba ya gama abin da yake yi kafin ya faɗi.

Da ya miƙe, ba mai dariya. Yarinyar da ke riƙe da sandar ɗaukar magana ta ajiye ta fita waje. Rebecca ta dafe baki, da ƙyar ta ce a fara ɗauka. Sanda kuwa daɗi ya cika shi. A hanyar komowa har ya saya wa Gamaliel shayi. Bai tsaya ya tambayi kansa daga ina hannunsa ya samo wannan kwanciya ba.

Yanzu sai na ɗan koma baya. Shekara uku kafin nan, muna da wani magidanci, Nuru, a Old Trafford, mai bincike ne a jami'a. Matarsa Saudatu ta tafi Funtuwa da yaran, jinyar mahaifiyarta. Wata Juma'a Sanda ya biya masa su tafi masallaci, ya buga ƙofa shiru, maƙwabciya ta kawo makulli. Shi ya fara shiga. A kicin ya same shi, zuciya ta buga. Da 'yan sanda da motar asibiti suka gama nasu, dattawa suka zauna kafin a kira Saudatu, aka yi abin da muka saba yi a gida: aka gyara mata labarin. Aka ce a gaya mata a kan sallaya aka same shi, da carbi a hannu. Kowa ya yarda, har da ni. Ta iso bayan an binne shi. Da ta zo share gida ta ga butar shayi ta ƙone ƙurmus, ta kuma zaro warin silifa daga ƙarƙashin murhu. Ta tambaya, aka ce ai 'yan sanda ne suka yi ta shige da fice. Ta ci gaba da shararta.

Bayan wata huɗu da ɗaukar nan ta Ladywood, Rebecca ta kawo fim ɗin Manchester don ta nuna wa 'yan'uwa kafin ya fita. Aka ari zauren wani coci a Moss Side, ranar Asabar da rana, aka toshe tagogi da kwali. Sanda ya bi mutane gida-gida yana gayya, har Alhaji Habu ya zo. Saudatu kuwa tun rasuwar mijinta girkin taro take yi, ita aka ba aikin abinci. Tana tsaye can baya da farantin masa.

Fim ya tafi, ya tafi, har aka zo kicin. Kyamara ta fara da butar tana hayaƙi, ta sauko kan cokali, ta bi ƙafa, ɗaya da silifa ɗaya babu, sannan ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin murhu. Sai aka ji faranti ya faɗi, masa ta watse a ƙasa. Aka ɗauka santsi ne, wasu mata suka tashi tsincewa.

Da aka kunna fitila Rebecca ta fito gaba tana godiya. Ta ce wurin da ya fi kowane kyau ba ita ta tsara shi ba, Baba Sanda ne, daga abin da ya gani da idonsa. Aka yi tafi. Sanda ya miƙe yana murmushi, sai ya ga Saudatu ta ratso tsakiyar kujeru ta tsaya a gabansa. Ba kuka take ba.

Ta ce, "Baba Malam, ta hagu ce. Ni ma ta hagu na samu."

Sanda bai gane ba da farko. Ya dube ta, ya dubi farin bangon da aka haska fim ɗin. Sai murmushin ya bushe a fuskarsa. Kicin ɗin Old Trafford ya dawo masa gaba ɗaya, warin butar da ta ƙone, kuncin Nuru a jikin kabad. Ya koma kan kujera.

Ta juya wajen Alhaji Habu. "Alhaji, a kan sallaya kuka ce."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta bar tukwanenta a nan.

Kashegari bayan la'asar dattawa suka zauna. Alhaji Habu ne ya fara magana. Ya ce, "Malam, mun ba ka asirin matattunmu. Ka ɗauki kwanciyar bawan Allah ka kai wa masu wasa, an haska ta a bango ana cin masa! Gobe wa zai yarda ka shiga kan ubansa? Wa ya san na wa za ka nuna gaba?"

Wani ya ce ai ba da gangan ya yi ba. Alhaji ya ce wannan ma ya fi ba shi tsoro, hannun da ke zubar da asiri mai shi bai sani ba. Aka yanke cewa Sanda ya kawo jakar, ba zai ƙara taɓa gawa ba sai ranar da Saudatu ta ce ta yafe. Ya je ɗaki ya ɗauko, ya miƙa da hannu biyu. Shekara ashirin da wani abu, rannan ne aka fara ganinsa a titi hannu na dukan cinya.

Sau biyu yana zuwa Old Trafford, ba ta buɗe ba. Na uku ta buɗe, ta bar ƙofar a wangale, ta nuna masa kujera, ita ta tsaya.

"'Yata, na zo neman gafara."

"Ba gafara nake so mu fara da ita ba, Baba. Gaya min. Duka. Kada ka sa min sukari."

Abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya yi mata. Ya gaya mata inda kansa yake da inda ƙafarsa take, da kofin da ke kan tebur da ganyen shayi a ciki ba a zuba ruwa ba, da rediyon da ya tarar yana magana shi kaɗai.

"Ya sha wahala?"

"Likita ya ce lokaci guda ne. Ni ma da na duba fuskarsa ban ga wahala ba. Kamar wanda aka kira sunansa daga baya, ya juya ya ga ko wanene."

Ta shiga ciki ta fito da wata koriyar sallaya a naɗe. Ta ce, "Shekara uku ban wanke ta ba. A kanta nake salla, ina cewa nan goshinsa ya taɓa ƙarshe. Wurin da ya faɗi da gaske kuwa, kullum ina taka shi da takalmi, ina goge shi da ruwan bilic. Kun kyauta ke nan?"

Sanda ya dubi sallayar a hannunta.

Ta ce, "Na fi jin haushin ƙaryarsu a kan gaskiyarka. Amma mijina ba zai zagaya duniya a kwance a ƙasa ba, yarana su girma su gani. A cire shi daga fim ɗin. Abin da aka cire kuma a kawo min a hannuna. Ranar da ka kawo, ka je ka karɓi jakarka."

Ya hau mota shi kaɗai zuwa Birmingham, ya sake hawa benen nan goma sha huɗu. Rebecca ta ba shi ruwa, ta saurara, sannan ta tashi tana zagaya ɗaki.

"Baba Sanda, babu sunansa a ciki. Bature ne ma ya yi wasan. Nobody will know."

"Ita ta sani."

"Shi ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya! Saboda wurin nan aka ce za a nuna shi a bikin finafinai. Ba kai ne kake ce wa Daddy abin da ya sa irin waɗannan suka fi na masu kuɗi shi ne ba sa ƙarya a kan mutuwa ba? Yanzu kuma in mayar da shi yana barci?"

"Na faɗa, kuma har gobe ina kan bakana. Amma na yi ta tunani a mota. Mutumin nan mai lemu da na fara gani, ba wanda ya mutu a matakalar nan. Zama suka yi suka ƙirƙira, suka yi ta gyarawa har ta yi kama da gaskiya ta tayar da ni tsaye. Wannan ita ce gwanintar. Ni ban ƙirƙiri komai ba, 'yata. Na shiga gidan mutum na ɗauko tasa na ba ki. Kayan sata ne a fim ɗinki, ni na kawo."

Ta zauna. Ta yi wata magana da Turanci wadda bai nemi fassararta ba. Ta ce to, za ta cire, za ta sake kiran direban tasin su nemo wata faɗuwar da kansu. Amma sai ta bi duk inda ta adana shi ta goge, ta bar kwafi ɗaya tak a faifai. Ya ba ta mako biyu, za ta aiko ta gidan waya.

Ya ce a'a. "Da hannuna na ɓata, da hannuna zan kai. Asabar ta sama ina nan tafe."

A cikin mako biyun nan wani ɗalibi ɗan Gusau ya rasu. 'Yan'uwanmu 'yan Pakistan ne suka yi masa wanka a masallacinsu. Sanda ya zo ya tsaya a waje cikin yayyafi, yana jin ƙarar ruwa ta bango, yana murza yatsunsa. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Da aka fito ya bi sahu ya yi salla kamar kowa. Gamaliel ya zo ɗakinsa da niyyar kwashe kwalin faya-fayan, don yana ganin shi ya ja masa. Sanda ya hana. Ya ce, "Fasto, bar min kayana. Su ba su yi min komai ba." Har ya sa musu ɗaya suka kalla, ya kuma riga shi gane mai kisan.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu tafiyar, ya taso daga aiki da rana, yana jiran bas, ya faɗi. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Da asibiti suka ba mu gawarsa, Alhaji Habu ya ɗauko baƙar jakar ya ajiye, muka tsaya muna kallonta. Sai a lokacin muka gane duk cikinmu ba wanda ya iya aikin daga farko har ƙarshe, mun sakar masa shekara da shekaru. Alhaji ya kasa ko zuge zif ɗin. Ana cikin haka aka ce ana sallama a waje. Saudatu ce, da ƙullin farin yadi. Ita ta saya, ita ta yanka likkafanin da hannunta.

Ta ce, "A gaya wa Alhaji na yafe. A buɗe masa jakarsa."

Sannan ta dube ni, don ta ji ni na fara isa asibiti. Ta ce, "Baba, yaya ya faɗi?"

Bakina ya ɗauko abin da ya saba, har na ce, "Ai da salati a…" sai na ga idonta. Na haɗiye. Na faɗa mata yadda masu motar asibiti suka gaya min, na ce a gefen titi ne, kan gefensa na dama, hularsa ta gangara cikin kwata, ledar burodi a hannunsa, tikitin motar Birmingham a aljihun kwat. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya jiƙansa, ta tafi.

Muka yi masa wankan yadda muka iya, limami na gaya mana abin da ke biye. Garin magaryar da ya rage a jakar daidai shi ya isa.

Rebecca ta zo jana'iza da ubanta, amma ba ta zo da faifan ba. Ta ce ya ce mata da hannu za a karɓa, ba ta san hannun wa za ta ba ba. Yana nan a ambulan a kan firjinta a Ladywood, da sunan Saudatu a jiki. Gamaliel gwiwa ta hana shi hawa bene, lif ɗin kuma har yau ba a gyara ba. Ajiye biron, ki duba mana motar safe ta ranar Asabar. Za mu hau a hankali, muna hutawa.